Fitila Uku a Hanyar Ajekoriya

Ranar da fitilu uku suka kama a tablon motata, ina kan hanyar dawowa gida Ajekoriya daga gaisuwar rasuwa a wani ƙauye da ke yamma da mu. Watan Oktoba ne na 2022, an gama yankan hatsi, mata na roron wake. Hanyar sawun amalanke ce kawai tsakanin gonaki, rairayi ya kai wuyan taya, ga kututturan sabara a tsakiya. Na ji wani abu ya bugi ƙasan motar ta gefen hagu, ƙwal, ban kawo komai a raina ba. Ban yi minti biyu da wucewa ba sai ga rawaya biyu sun fito: ɗaya haruffan ABS ne cikin da'ira, ɗaya kuma hoton ƴar mota ce da sawu biyu a karkace a bayanta kamar jan cikin maciji. Ta ukun, ja mai alamar motsin rai, ita dama ta fi sati uku tana yi mini ƙifce, ta zo ta tafi, musamman a gargada ko in na sha kwana. Ranar sai ta zauna daram.

Mu biyar ne a motar, har da gwaggona da ta haura saba'in. Na tsaya ƙarƙashin wani gawo na kashe inji. Ta ce, "Ɗana, lafiya ka tsaya a dokar daji?" Na ce, "Lafiya lau, Gwaggo, wani abu zan duba." Gaskiyar magana ban san abin da zan duba ba, kuma wannan rashin sanin, da rayuka huɗu a bayana, shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai har yau.

Ni malamin makaranta ne, ban taɓa zaman gareji ba. Motar Toyota RAV4 ce ƙirar 2010, na saye ta a Maradi a 2019, ta shigo ta Kwatano kamar yawancin motocinmu na wancan lokacin. Abin da zan faɗa a nan na koye shi ne daga wani tsohon makanike a Dakoro, da ɗan littafin faransanci da na tarar a aljihun motar, da kuma abin da idona ya gani tun daga ranar. Abin da ya sa na ga dole in rubuta shi ne, in ka leƙa tablon motocin da ke lodi tsakanin Dakoro da Kornaka da Maradi, da wuya ka rasa fitila ɗaya ko biyu a kunne. In ka tambayi direba sai ya ce, "Ai haka take tun da na karɓe ta." Wani ma ya jingina katin ɗaurin aure a kanta don kada ta riƙa shigar masa ido da dare. Ni kuwa na yi imani ruwa ba ya tsami banza.

Abu na farko da ya kamata mai mota ya riƙe shi ne launi. Ja da rawaya ba magana ɗaya suke yi ba. Rawaya tana cewa wani mataimaki na birki ya ajiye aiki, amma birkin kansa yana nan. Ja tana iya nufin birkin ne kansa ke shirin tafiya. Don haka da jar zan fara, kuma a kanta zan daɗe, don ita ce mai kisa.

Jar fitilar birki tana kamawa in birkin hannu bai sauka duka ba. Wannan shi ne mafi sauƙi: ka ɗaga shi ka sauke har ƙasa. Wani lokaci ƙura ce ta cika ɗan makunnin da ke gindinsa, ya maƙale. In ka sauke fitilar ba ta mutu ba, buɗe bonet ka nemi tulun man birki. Ɗan farin roba ne da ake ganin cikinsa, yana can ciki ta gefen direba, daidai saitin abin taka birki, da layi biyu a jikinsa, MAX a sama, MIN a ƙasa. A cikinsa akwai wani ɗan abu mai yawo a kan man. In man ya sauka, shi ma ya sauka, ya kunna fitilar. Shi ya sa tawa take ƙifce a kwana da gargada: man ya zo gab da layin ƙasa, in motar ta karkata sai ya tuntsura gefe, fitila ta kama, in ta miƙe ta mutu. Sati uku motar tana gaya mini abu ɗaya, ni ina cewa wayarin ne ke wasa.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Man birki ba ya ƙonewa kamar man inji, mota ba ta shan shi. In ka ga ya sauka, to ɗayan biyu ne. Ko dai plaket ɗin birki, wato fatun nan da ke matse faifan taya, sun cinye, man ya bi bayansu ya cike gurbin da suka bari, ko kuma akwai inda yake yoyo. Wanda ya ƙara mai ya rufe bonet ya tafi, ya kashe fitila ne kawai, bai tambayi inda na farkon ya tafi ba. A gindin gawon nan na tarar da man a ƙarƙashin MIN da kaɗan. Na durƙusa na leƙa bayan kowace taya ko zan ga jiƙa, don man birki in yana zuba yakan bar danshi mai santsi a cikin taya, ƙura ta manne masa ta yi baƙi. Ban ga komai ba. Sai na tuna abin da wani direba ya taɓa nuna mini: na tada inji, na taka birki da ƙarfi, na riƙe kamar rabin minti. Ƙafata ta tsaya cak a inda take. Da ta riƙa nitsewa a hankali zuwa ƙasa, to da a nan za mu kwana ko a zo a ja mu, don wannan alama ce ta yoyo ko ta lalacewar babban famfon birki. Da kuma na ji laushi kamar na taka soso, iska ce ta shiga layin. Da yake ya yi tauri, muka lallaɓa da giya ta biyu har gida.

Akwai wata fuskar jar fitilar da ta shafi masu tsofaffin Hilux na gazuwal, waɗanda su ne jakunanmu a wannan yanki. A yawancinsu, famfon da ke ba birki taushin takawa yana manne a bayan altanato, bel ɗaya ke juya su. In bel ɗin ya tsinke, sai ka ga fitilar batir da ta birki sun kama tare, kuma bayan taku biyu ko uku birkin ya koma kamar dutse. Birkin yana nan, amma sai ka tara duk ƙarfin ƙafarka. Wanda bai san haka ba, ga lodi a baya, ga garken shanu ya fito hanya, firgici kaɗai ya isa ya kai shi ƙasa.

Sai maganar man da ake zubawa, kuma nan ne raina ke ɓaci. A kan murfin tulun an rubuta irin man da motar ke so, DOT 3 ko DOT 4. Ƙa'idar da aka gindaya wa DOT 3 ita ce, yana sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230. Amma man nan yana da wata ɗabi'a: yana zuƙar danshi daga iska. In ya sha ruwa, DOT 3 yana iya tafasa a wajen digiri 140, DOT 4 a 155. Birki kuwa aikinsa ke nan, ya mai da gudu zafi. In man ya tafasa a cikin layi ya zama tururi, tururi kuma yana matsuwa, sai ka taka ƙafarka ta wuce har ƙasa ba abin da ya kama. Mu nan ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, shi ya sa muke tsira da abubuwa da yawa, amma duk wanda ya taɓa gangarowa da lodi daga duwatsun Adar, wajen Buza da Keita, cikin zafin watan Afrilu, ya san yadda birki ke wari. Saboda wannan ne masu ƙera motoci da yawa ke cewa a juye man gaba ɗaya duk shekara biyu. Saboda shi ne kuma ba na sayen kwalbar da aka riga aka fasa, wadda ta yi wata da watanni a kan teburin mai faci ana tsiyaya wa mutane.

Na ga da idona, ranar kasuwa, yaron mota yana kaɗa ruwa da omo a gwangwani yana zuba wa tulun birki. Na ga wanda ya zuba man inji. Ruwan omo yana tafasa a digiri 100 ko kusa da haka, yana kuma sa tsatsa a ciki. Man inji kuwa kumbura robobin birki yake yi, duk su lalace, gyaran da zai ci ƴan dala ya koma na jikkuna masu yawa. Har ila yau akwai DOT 5, wanda sunansa ke ruɗin mutane su ɗauka ya fi DOT 4 kyau. Shi wani iri ne daban, ba a gauraya shi da waɗancan. Mafi muni a cikin duka shi ne toshe layi. Taya ɗaya na yoyo, sai a lanƙwasa bututunta a daddake da guduma, a ce "uku ma sun isa." Sun isa a tafiyar hankali. Ranar da jaki ya faɗo hanya da amalanke ka danna birki da gaske, ɓangaren da ke kamawa zai fizge motar zuwa gefensa, kuma a cikin motar akwai matan mutane da ƴaƴansu da suka biya kuɗinsu ba su san da wannan ciniki ba. Na san talauci ne ke sa wasu, na san mai mota na jiran balas da yamma. Duk da haka ban taɓa samun uzurin da ya gamsar da ni ba.

Washegari na nufi Dakoro. A garejin da na fara tsayawa, wani matashi ya leƙa tablo ya ce, "Mushe, waɗannan ba komai ba ne. In suna damunka, kawo jikka ɗaya in rufe maka su." Kafin in ba shi amsa, maigidansa, wani dattijo mai furfura da ke zaune kan tsohuwar taya yana shan shayi, ya ce, "Kai yaro, kawo jak." Ya dube ni ya ce, "Mushe, jiya ka bi daji?" Na ce na bi. "Ka ji wani abu ya buga?" Na ce ta hagu, a gaba. Bai ƙara tambaya ba. Aka cire tayar, ya sa hannu bayan faifan birki ya zaro wata baƙar waya, kaurinta bai wuce na igiyar cajin salula ba, ta yanke saura ƴan silli biyu. Ya ce, "Ga rawayarka biyu." Sannan ya haska plaket ɗin da tocila ya ce in leƙa. Abin da ya rage a jikinsu bai kai kaurin kwabo ba. "Ga kuma jarka. Ciwo biyu ne, ranarsu ce ta zo ɗaya."

Sabon plaket yana da kaurin milimita goma ko fiye, kuma in ya sauko wajen uku lokacin canji ya yi. A rairayinmu ba ya daɗewa, don yashi na shiga tsakaninsa da faifan ya riƙa ci kamar magagari. Da aka sa sababbi, man da ke tulun ya hau da kansa ya wuce MIN, ba a ƙara ko ɗigo ba, jar fitila ta mutu. Na tsaya ina kallon tulun nan kamar ɗalibin da aka warware wa lissafin da ya kwana yana fama da shi.

Ita kuma wayar, ta wani ɗan abu ce da makanikanmu ke kira kafter, na Kano su ce sansa. Kowace taya tana da nata. Aikinsa ƙirga juyawar taya: akwai wani zobe mai haƙora, ko mai maganaɗisu a jikin boris, da ke wucewa ta gabansa, shi kuma yana aika wa kwamfutar birki labari. Wannan shi ne idon ABS. Kamfanin Bosch da Mercedes-Benz sun sa irin wannan na lantarki mai kula da tayoyi huɗu a motar kasuwa a 1978. In ka danna birki da ƙarfi taya ɗaya ta nemi ƙamewa ta daina juyawa, kwamfutar za ta sassauta mata ta sake kamawa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Amfanin haka shi ne, tayar da ke juyawa tana bin sitiyari, wadda ta ƙame kuwa sulɓewa take yi ta miƙe, ko ina ka murza. A lokacin za ka ji abin takawar yana karkarwa ƙarƙashin ƙafarka, da wata ƙara gurr. Direbobi da yawa da suka saba da tsofaffin motoci sukan tsorata su ɗaga ƙafa, ko su shiga yi wa birki famfo. Kada ka ɗaga. Danne ka riƙe, ka kauce da sitiyari.

Amma a faɗi gaskiya, a burji da yashi ABS yana iya ƙara wa mota nisan tsayawa. Tayar da ta ƙame takan tara ƙasa a gabanta ta yi mata waigi, shi kuwa ABS ba ya barinta ta ƙame. Littafin motata da kansa ya yi wannan gargaɗi. Don haka wanda ya sauka daga kwalta ya shiga burji, ya ba na gabansa tazara fiye da yadda ya saba.

In fitilar ABS ta kama ita kaɗai ta zauna, ma'anarta kwamfutar ta ga abin da ba ta yarda da shi ba, ta janye hannunta. Birkinka na yau da kullum yana aiki, kana iya tafiya a hankali zuwa wajen gyara. In kuwa ta kama tare da ja, alhali mai ya cika kuma birkin hannu na ƙasa, to abin ya fi haka. Kwamfutar nan ita ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya, in wannan rabon ya tsaya tayoyin baya na iya ƙamewa da wuri, gindin mota ya juyo gaba. Wannan ba motar ɗaukar fasinja zuwa Maradi ba ce sai an duba ta.

Ƴar motar nan mai sawun maciji kuwa ta wasu mataimaka biyu ce. Na farko yana hana taya yin wilwil a wuri ɗaya in ka ba da wuta. Ya fara yaɗuwa a ƙarshen shekarun 1980, Toyota na kiransa TRC. Na biyu yana hana motar kanta juyawa in ta fara zamewa a kwana, ta hanyar kama taya ɗaya tak don ya miƙar da ita. Mercedes da Bosch suka fito da shi a 1995 da sunan ESP, sunan da za ka gani a Peugeot da Volkswagen. Toyota na ce masa VSC, Honda VSA. Amurka ta wajabta shi a ƙananan motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma a kan duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014. Ke nan motocin da za su riƙa iso mana daga yanzu kusan duk da shi za su zo, ko muna so ko ba ma so, gara mu san halinsa. Duka biyun da idon ABS suke gani. Shi ya sa waya ɗaya ta yanke, fitila biyu suka kama.

A nan akwai bambancin da ke ruɗa mutane. In fitilar tana ƙyaftawa lokacin da kake cikin taɓo ko yashi, ba lalacewa ba ce, aiki take yi, tana gaya maka ƙasa ba ta riƙe taya. In ta zauna ba ƙyaftawa, ko dai an kashe shi ko ya samu matsala. Kuma akwai inda kashe shi ne daidai. Wanda ya ƙera abin nan ƙanƙara da jiƙaƙƙiyar kwalta yake tunani. A rairayi mai zurfi irin na jigawarmu, kana bukatar tayoyi su ɗan yi wilwil su haƙo hanya, shi kuwa da ya ga haka sai ya rage wa inji wuta, daidai lokacin da kake neman ta. Na sha ganin mai sabuwar mota ya kafe a inda tsohuwar Land Cruiser ta wuce tana waƙa, yana ta zagin injinsa. Akwai maɓalli mai hoton ƴar motar da OFF a ƙasa. Danna shi kafin ka shiga yashin, ka rage wa tayoyi iska kaɗan in da hali, in ka hau kwalta ka mai da komai yadda yake. A yawancin motoci ma da ka kashe inji ka tayar, da kansa yake dawowa.

Dattijon ya haɗa wayar da dalma, ya naɗe ta, ya ɗaure ta nesa da taya. Ya ce, "Mushe, wannan ɗinki ne, zai kai ka wani lokaci. Ka aika Maradi a nemo maka sabo, in babu a sa a kawo daga Ƙofar Ruwa a Kano. Ka ba su lambar mota da gefen, don na hagu ba ya shiga dama." Muka fita gwaji, ba mu yi nisa ba ya ce in kashe in tayar. Rawaya biyun suka kama, suka yi ƴan daƙiƙu, suka mutu.

Tun daga ranar na zama mai yawan zama a garejinsa in na shiga Dakoro, kuma abin da na lura da shi shi ne, ba ya taɓa fara zargin abu mai tsada. Wani ɗan kasuwa ya zo da fitilu sun cika tablo kamar daren salla, an riga an ce masa famfon ABS ne ya mutu, kuɗin da aka yanka masa ya kai na sa. Dattijon ya ɗora mita a batir. Lafiyayyen batir yana nuna wajen volt 12.6 in inji na kashe, in yana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Nasa bai kai 12 ba, ga farin gishiri ya cinye kan batirin. Zafin bazara ne ke kashe batir a ƙasar nan, amma sai sanyin Disamba da Janairu yake tona asirinsa: da asuba sitata ta zuƙe wutar, kwamfutar birki ta ga wuta ta yi ƙasa, ta kunna fitila. Aka wanke kan batir, aka canza shi, magana ta ƙare. Bayan batir yakan duba fis, sannan makunnin da ke bayan abin taka birki, wanda ke kunna jan wutar baya; in ya mutu shi ma yana jawo fitilun nan, kuma gane shi ba wuya, a taka birki wani ya tsaya a baya ya duba.

Taya ma tana yi. Mu da muke sayen taya ta hannu, wadda aka samu ita ake sawa. Motata tana ɗaukar 225/65 R17. In na sa mata 215/60 R17 a gefe ɗaya, za ta shiga rim lafiya lau, amma ta fi sauran ƙanƙanta da kusan kashi 5 cikin 100, don haka ta fi su saurin juyawa. Kwamfuta ba ta san ka yi arha ba, gani take taya ɗaya na sulɓi tun daga Ajekoriya har Sabon Machi. Haka in an canza boris fitila ta kama daga fitowa gareji: mai yiwuwa an juya fuskar maganaɗisun ciki, ko an buga shi da guduma ya lalace. Haka in an taɓa sitiyari ko an yi saitin ƙafa ba a sake daidaita kwamfutar ba. Wani lokaci kuma laka ce da garin ƙarfe suka toshe bakin kafter, a cire a goge da tsumma. Tambayar dattijon kullum ita ce, "Me aka taɓa na ƙarshe, kuma ina ka bi?"

Masu Toyota su ƙara da wannan. In fitilar inji ta kama, sau da yawa takan jawo ta VSC, a irin tawa har da ta 4WD. Birki lafiyarsa ƙalau, kwamfutar inji ce ta ce ba ta da lafiya, shi kuma mataimakin ya ce ba zai yi aiki da marar lafiya ba. A nan inji za a bi.

In ido da mita sun gaza, sai na'ura, wadda makanikan Maradi ke kira valiz. Ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai ramuka 16 da ake soka ta. Amurka ta wajabta ta tun 1996, Turai kuma a motocin fetur tun 2001. Ƴan ƙananan da ake haɗawa da salula galibi inji kaɗai suke karantawa, don haka ka tambaya ko tasu tana shiga ABS kafin ka biya. A Toyota da yawa, C0200 na nufin tayar gaba ta dama, C0205 gaba ta hagu, C0210 baya ta dama, C0215 baya ta hagu, C1241 kuma ƙarancin wuta. Lambar tana nuna maka unguwa ne, ba ta nuna gida: ta ce gaba ta hagu, amma ko waya ce, ko kafter, ko boris, sai an sa hannu. Ka sa a rubuta maka lambar a takarda kafin a goge ta. Akwai masu goge lamba su karɓi kuɗi, fitila ta mutu a ƙofar gareji, kafin ka kai Tibiri ta dawo. Ni yanzu da fitila ta kama nake ɗaukar hoton tablo da salula, in rubuta inda nake da abin da nake yi, don in ka isa gareji sau da yawa takan ɓuya.

Akwai gwaji ɗaya da ba ya cin ko dala, kuma shi nake roƙon duk mai shirin sayen mota ta hannu ya yi. Murɗa makulli zuwa inda tablo ke kawo wuta, kada ka tayar. Dole fitilun su kama gaba ɗaya, ja da ABS da ƴar mota mai sawu, sannan rawayan su mutu bayan ƴan daƙiƙu. Motar tana nuna maka cewa bakinta yana magana. Fitilar da ba ta kama a wannan lokacin ba, ita ce abar tsoro.

Bara wani maƙwabcina ya sayo mota, ya kawo ta ƙofar gida ana ta sa albarka. Tablonta fes, ba fitila ko ɗaya. Na ce, "Alhaji, ba ni makullin in ga wani abu." Na murɗa. Ta mai ta kama, ta batir ta kama, jar birki ta kama, gurbin ABS kuwa duhu. Na kashe na sake, duhu. Ya ce wataƙila irin wadda ba ta da shi ce. Muka buɗe bonet, ga famfon ABS nan zaune da bututunsa shida. Ranar Asabar muka kai ta Dakoro. Dattijon ya kwance tablon, ya ɗora shi a cinyarsa, ya ɓalle gilashin, ya ɗaga fuskar da bakin sukundireba. Ɗan guntun baƙin salatif ne, an yanka shi daidai wa daida, an manna. Ya ce wa yaron ya mai da soket ya murɗa makulli, sannan ya sa farce ya ɓare shi. Fitilar tana ci a ƙarƙashi.